Alhaji kar ka biya kuɗin fom ɗin nan, ga yadda kuɗin daina sare daji yake tafiya

Salamu alaikum Alhaji, Allah ya ƙara girma. Na ga tambayarka tun shekaranjiya amma ka san Legas, mutum ya fita da asuba ya dawo bayan isha'i gosulo ya gama tatse shi, sai yau na samu na zauna. Ka ce wani ya zo ya same ku a Agege da fom cike da jaka, wai Turawa na biyan dala ga duk wanda yake da daji bai sare ba, kowa ya kawo naira dubu 25 kuɗin rajista da fotokwafin takardar fili, ku kuma kuna da dajin gado can wajen Bali a Taraba, shine kake son sanin da gaske ne ana biyan irin wannan kuɗi, in kuma ana biya ta ina yake biyowa.

Kar ka ba shi ko sisi, takardar filin ma kar ka bari ta shiga hannunsa. Amma ba zan ce maka duk maganarsa ƙarya ba ce, kuɗin akwai su, an biya wasu ƙasashe miliyoyin dala da gaske, sai dai gwamnatoci ake biya, kuma sai an gama aiki an auna an tabbatar, kuma babu inda tsarin ya ce mai fili ya sayi fom. Ni harkar gandun daji na karanta, na yi shekaru ina kutsawa kurmi da tef ina auna kaurin bishiya kafin in dawo Legas inda yanzu aikin nawa bai wuce zama gaban kwamfuta ina duba hotunan tauraron ɗan'adam ba, toh bari in warware maka abun daga tushe, zai ɗan yi tsawo sai ka yi haƙuri.

Kai ɗan noma ne ka san bambancin ƙwadago da jinga. Ɗan ƙwadago in ya wuni a gonarka sai ka biya shi ko kunya biyar ya yi, shi kuwa ɗan jinga sai ya gama, ka zaga ka duba da idonka, sannan ka sa hannu a aljihu. Shekara da shekaru ƙasashen masu kuɗi irin biyan ƙwadago suke yi wa dazuzzukanmu, a ba gwamnati kuɗi tun kafin a fara, a sayi Hilux, a yi taro a otal, ranar dashen itace mai girma ya zo ya dasa ɗaya a gaban kyamara, bayan sati biyu akuya ta cinye. Da suka gaji sai suka ce a koma jinga, ku rage sare daji, mu auna, mu biya gwargwadon abun da kuka rage. Wannan shine abun da ake kira REDD+, ma'anarsa rage hayaƙin da ke fitowa daga share daji da kuma lalata shi, alamar tarawar da ke ƙarshe kuma ta ƙunshi kiyaye dajin da kula da shi da ƙara masa yawa.

In ka ce me ya dame su da dajinmu, toh ba son mu suke ba, lissafi ne. Bishiya rumbu ce, tana zuƙar iskar kabon daga sama tana tarawa a jikinta, busasshen itace kusan rabin nauyinsa kabon ne, ranar da aka sare aka ƙone sai duk abun ya koma sama, kuma tan ɗaya na kabon in ya haɗu da iska yana zama tan 3.67 na wannan iskar da ke ɗumama duniya. Sare dazuzzuka na kawo wajen kashi 10 cikin 100 na hayaƙin da duniya ke fitarwa, kuma sun lissafa sun ga hana sare hekta ɗaya a Amazon ko Kongo ya fi musu araha kan rufe masana'anta a gida. Ƙasashen Papuwa Niyu Gini da Kosta Rika ne suka fara kawo maganar a taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya a Montreal a 2005, aka karɓe ta a taron Bali a 2007, Bali ta Indonesiya fa ba taku ta Taraba ba, aka sa sharuɗɗan kare talakawan da ke zaune a daji a taron Kankun na Meziko a 2010, aka gama tsara dokokin awo da biya a Waso ta Poland a 2013, sannan aka shigar da ita sashe na 5 na yarjejeniyar Faris a 2015.

Yanzu ga inda yawancin mutane ke ɓata, har da wasu masu digiri. Ba a biyan ka don kana da daji a tsaye, ana biya ne don saran da aka saba yi ya ragu. Wato sai an fara sanin nawa ƙasa ta saba sarewa, a ɗauki shekaru kamar goma da suka wuce a fitar da matsakaici, wannan ya zama mudun awo. A ce ƙasa ta saba share hekta 100,000 duk shekara, bana ta share 70,000, toh hekta 30,000 ɗin nan da suka tsira su ake lissafawa, a buga da yawan kabon da ke kowace hekta, a buga da farashi. Farashin da aka fi amfani da shi tsawon shekarun nan dala 5 ne kan kowane tan. Lokacin da Birazil ta kafa asusun Amazon a 2008 sun ɗauka kowace hekta na da tan 100 na kabon, kaga tan 367 na iska kenan, sau dala 5 ya ba ka dala 1,835 kan hekta ɗaya, kuma sau ɗaya ake biya ba duk shekara ba. Wannan kurmin Amazon kenan mai duhu da rana tsaka, irin dajinmu na Taraba da Nasarawa mai kaɗanya da marke jefi-jefi bai kama ƙafar wannan ba.

Kana ganin wannan mudu ka san za a yi rigima a kansa. Mai karɓa yana so a ce da can yana sara da yawa don ragin ya fito da girma, mai biya yana so a matse, kamar dai cinikin hatsi a Mile 12, wannan ya kawo tiyarsa wancan ya ce a'a da tawa za a auna. Shi yasa ƙasa ke miƙa mudunta ga Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙwararru daga wasu ƙasashe su bi lissafin layi-layi, in ta kawo sakamako ma a sake bi. Kuma akwai wani rashin adalci a ciki wanda ni har yau yana damuna, wanda ya fi ɓarna jiya shi ya fi samun kuɗi yau in ya ɗan tuba, wanda kuma bai taɓa taɓa dajinsa ba babu abun da zai rage balle a biya shi. Gabon da Gayana sun daɗe suna wannan ƙorafi, sai daga baya aka ɗan gyara musu lissafin.

Birazil ita ce zakaran gwajin dafi. A 2004 an share sama da murabba'in kilomita 27,000 na Amazon a shekara ɗaya, zuwa 2012 ya sauko ƙasa da 5,000, kuma ba da baki ba, hukumar binciken sararin samaniyarsu na bin dajin da tauraron ɗan'adam tun 1988, suka ƙara da wani tsari mai ba da ƙararrawa da wuri a tura jami'ai, suka hana masu laifi bashin banki. Norwe ta yi alƙawarin dala biliyan 1 kuma ta biya, har ta ɗan haura, Jamus ma ta sa nata. Amma ka lura, ragin ya fara tun kafin kuɗin Norwe su zo, siyasar cikin gida ce ta yi aikin, kuɗin tukwici ne ya biyo baya. Da shugaba Bolsonaro ya hau mulki a 2019 ya rushe kwamitocin asusun, masu ba da kuɗi suka ɗaure jaka, sara ya sake hawa har ya kai wajen murabba'in kilomita 13,000 a 2021, sai da Lula ya dawo a Janairun 2023 aka sake buɗe asusun. Kaga matsala ta biyu kenan, ka biya mutum don bai sare ba bana, baɗi wani ya hau mulki ya sare, kuɗinka sun tafi hayaƙin kuma ya tashi. Shi yasa wasu masu biyan ke cire wani kaso na sakamakon su ajiye gefe na ko-ta-kwana saboda gobara ko canjin gwamnati.

Matsala ta uku ita ce amsar tambayarka kai tsaye, me yasa ba a biyan mutum ɗaya. A ce ku kun kafa kun tsare a dajinku na Bali, masu inji suka zo kuka kore su, ai ba gida za su koma su kwanta ba, gaba za su yi zuwa dajin maƙwabta ko su tsallaka Adamawa ko Kamaru, bishiyar da za a sare an sare ta, wuri kawai aka canza. An gudu ba a tsira ba. Saboda haka ake awon a matakin ƙasa gaba ɗaya ko babban yanki kamar jiha, don in sara ya zurare daga nan zuwa can a kama shi a lissafi. Kuma kafin ƙasa ta cancanci karɓa sai tana da tsarin ƙasa a rubuce, da mudun awon da na faɗa, da hanyar bibiyar dajinta, da kuma hanyar nuna cewa ba a zalunci mazauna daji ba. Wannan ba abun da iyali ɗaya za su yi ba ne ko da kuwa hekta dubu gare su.

Awon kansa ma ba wasa ba ne, nan ne fannina. Tauraron Landsat da muka fi amfani da shi kowane ɗigo a hotonsa mita 30 ne tsawo da faɗi, in aka share fili fes aka yi gona yana gani, amma in ana shiga ana zare manyan bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya a bar ƙananan, daga sama kore za ka gani shar. Na taɓa zuwa wani wuri da taswirarmu ta nuna daji lafiya lau, muka sha tafiya a babur muka isa, wallahi kututture ne ko'ina sai ciyawa da ƙananan tsiro suka rufe, na tsaya da tef a hannu na rasa me zan auna. Kuma kai shaida ne, haka aka yi wa madobiya a Taraba, wadda 'yan katako ke kira madrid, aka dinga loda ta a tirela zuwa nan Legas ana cusawa a kwantena ta Apapa da Tin Can zuwa Chaina, har Najeriya ta zama kan gaba a masu fitar da irin wannan katako, sai a 2018 hukumar yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin dabbobi da itatuwan da ke neman ƙarewa, ta dakatar da cinikinta daga Najeriya, a lokacin ihu ne bayan hari. A kudu kuma hadari ke rufe hoto rabin shekara. Toh dole a haɗa hoton sama da shiga daji a ƙafa, a kafa filayen gwaji a auna bishiya ɗaya-ɗaya, kuma duk wannan kuɗi ne da ƙasa za ta kashe tun ba ta ga dala ɗaya ba.

Su waye suka karɓa? Asusun sauyin yanayi na duniya da ake kira GCF ya ware dala miliyan 500 a 2017 a kan dala 5 duk tan, Birazil ta fara karɓar miliyan 96.5 a 2019, Indonesiya ta samu miliyan 103.8, zuwa ƙarshen 2020 kuɗin sun ƙare a hannun ƙasashe takwas, bakwai daga Latin Amurka ɗaya daga Asiya, babu ta Afirka ko ɗaya. A Afirka Gabon ce ta fara, a Yunin 2021 Norwe ta biya ta dala miliyan 17 cikin yarjejeniyar miliyan 150 ta shekara goma. Bayan wata huɗu Mozambik ta karɓi miliyan 6.4 daga asusun kabon na Bankin Duniya kan tan miliyan 1.28 da ta rage a lardin Zambeziya. Gana ta karɓi miliyan 4.8 a Janairun 2023 kan tan 972,456 a yankin noman koko, Kwaddibuwa kuma miliyan 35 a 2024.

Na Gana ya kamata ka duba da kyau don shi ya fi kusa da mu. Aikin da aka biya su a 2023 na wata shida ne na ƙarshen 2019, wato sama da shekara uku tsakanin aiki da biya, kuma tun kafin kuɗin su zo an rubuta yadda za a raba, kashi 69 cikin 100 na manoma da garuruwansu ne, yawanci ta hanyar kayan noma da ayyukan gari ba alat a waya ba. Ka raba dala miliyan 4.8 ga yanki mai miliyoyin mutane ka ga nawa zai kai wa kowa. Indonesiya kuwa Norwe ta yi mata alƙawarin biliyan 1 tun 2010, aka yi ta jan ƙafa har ta fusata ta soke yarjejeniyar a 2021, sai a 2022 aka sake ƙullawa aka biya ta miliyan 56 na farko. Shekara 12 Alhaji. Wanda ya ce maka ka cika fom yau dala ta shigo bayan sallah, ka tambaye shi ko ya fi gwamnatin Indonesiya hanya ne.

Mu kuma a Najeriya, gafara sa muka sha ji ba mu ga ƙaho ba. Jihar Kuros Riba aka zaɓa a fara da ita saboda ana ƙiyasta kusan rabin kurmin da ya rage a ƙasar nan can yake. Gwamna Liyel Imoke ya hana yankan katako gaba ɗaya a 2008 ya kafa runduna ta musamman, a 2011 shirin Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da dala miliyan 4 na share fage, Bankin Duniya ma ya ba da miliyan 3.8, aka ƙara da jihohin Nasarawa da Ondo, aka miƙa mudun awo na Kuros Riba a 2018 da na ƙasa a 2019, aka fitar da tsarin ƙasa a 2021, a shekarar kuma Buhari ya sa hannu kan dokar sauyin yanayi. Duk waɗannan kuɗin shiri ne, na taro da horo da taswira, ba kuɗin sakamako ba. Najeriya ba ta cikin ƙasashe takwas na GCF ɗin can, ba ta kuma cikin ƙasashe 15 da suka ƙulla yarjejeniyar biya da asusun kabon na Bankin Duniya. Mutanen ƙauyukan Kuros Riba su suka ɗanɗana kuɗarsu, an hana su yanka, masu bincike sun rubuta koke-kokensu kan yadda rundunar ke takura har masu ɗan abun da suke samu daga daji, manyan ɓarayin katako kuma ba su daina ba, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ana cikin haka gwamnatin Ben Ayade ta fito da shirin babbar hanya mai kilomita 260 da za ta ratsa kurmin, mutanen Ekuri da suka shekara da shekaru suna tsare nasu dajin suka tashi tsaye suna adawa. A 2023 Gwamna Bassey Otu ya ɗage haramcin, bayan shekara 15.

Ni a ganina babbar cutar tsarin nan farashi ne. Dala 5 kan tan ba ta isa ta ja da gawayi ba, ba ta isa ta ja da koko ko kwakwar manja ko gonar doya ba. Ka tsaya a Agege ko Mile 12 da safe ka ƙirga motocin gawayi da ke shigowa daga Oke-Ogun da Kwara da Neja, kowane buhu ƙirya ce ko kaɗanya ko marke, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya hau, gas ya gagari mutane, gidaje da yawa sun koma kurfoti. Mai suya a Obalende, mai ƙosai a Idi-Araba, masu banda kifi a Makoko, kowa wuta yake nema, ni kaina da nake wannan dogon bayani jiya na ci tsire. In ka bi gadar Third Mainland kana hango gungumen katako jere a kan ruwa wajen Ebute Metta. Wanda ke sarewa a ƙauye kuɗinsa a hannu yake yau, kai kuma ka zo kana ce masa ya bari, wataƙila bayan shekara huɗu a biya gwamnati, wataƙila gwamnati ta haƙa musu rijiyar burtsatse. Wa zai saurare ka? Ƙawancen LEAF na gwamnatoci da kamfanoni masu biya da aka kafa a 2021 ya ɗaga ƙaramin farashi zuwa dala 10 kan tan, an ɗan motsa amma da sauran tafiya. A taron Belem na Birazil a 2025 kuma an ƙaddamar da wani sabon asusu da zai biya kan dajin da ke tsaye, wajen dala 4 kan hekta a shekara, shi ma ƙasashe zai biya. Ka kai dala 4 wajen 'yan uwanmu 'yan canji su faɗa maka nawa ce.

Saura ɓangaren da nake zaton mutumin naku yake fakewa da shi. Ban da wannan hanya ta gwamnati da gwamnati, akwai kasuwar 'yan kasuwa, inda kamfani zai ƙulla da wani yanki ya ce ya hana sara, a ba shi takardun shaidar kabon, ya sayar wa kamfanonin jiragen sama ko na mai su ce sun wanke hayaƙinsu. Halal ne a doka kuma akwai masu yi da gaskiya, amma nan ne aka fi wasa da mudu. A Janairun 2023 jaridar Guardian ta Ingila da Die Zeit ta Jamus suka fitar da bincike cewa sama da kashi 90 cikin 100 na irin waɗannan takardu na kurmi da Verra, ƙungiyar da ke ba da irin wannan shaida, ta tantance ba su da wani ragi na gaske a bayansu, Verra ta musanta amma kasuwar ta girgiza, farashi ya faɗi. Babban aikin Kariba a Zimbabuwe ma ya shiga irin wannan badaƙala a shekarar. A Laberiya kuma aka yi ta cece-kuce kan shirin ba wani kamfanin Dubai ikon kabon na kusan kashi 10 cikin 100 na faɗin ƙasar na tsawon shekara 30.

Ko a wannan kasuwa, mai aikin gaskiya shi ke kashe kuɗinsa, ya ɗauko masu awo, ya biya masu tantancewa, yana neman dubban hektoci a haɗe don ƙaramin fili ba zai mayar masa da kuɗin awo ba, yana zama da sarki da masu unguwanni da gwamnatin jiha, a tara gari a karanta musu yarjejeniya da harshensu su yarda ko su ƙi. Ba ya bin 'yan kasuwa a Agege yana karɓar dubu 25. Kuma takardar filin da yake nema ta fi dubu 25 ɗin tayar min da hankali, domin irin waɗannan yarjejeniyoyi shekara 30 ne ko fiye, sa hannu ɗaya zai iya hana 'ya'yanka noma ko kiwo ko yankan azara a filin kakansu, kuma ka tuna a dokar filaye ta 1978 ƙasar jiha a hannun gwamna take a matsayin amana, don haka babu wani ciniki na kabon a kan daji mai girma da zai tsaya ba tare da gwamnatin Taraba ta sani ba. Sannan shi dajin ma sai ya cika ma'anar daji a lissafin Najeriya, aƙalla rabin hekta, bishiyoyi masu tsayin mita 3, inuwarsu ta rufe kashi 15 cikin 100 na filin.

In ya dawo kar ka yi faɗa da shi, ka tambaye shi lambar rajistar kamfaninsa ta CAC, ka ce ya nuna maka takardar yarjejeniyarsu da gwamnatin Taraba, ka tambaye shi a wane kundi aka yi wa aikin rajista kuma wa zai sayi kabon ɗin, nawa tan, kashi nawa ne na mai fili. In ya fara kame-kame ka gane. Ka sa ƙaninka da ke gida ya leƙa sashen gandun daji a Jalingo ya tambaya ko sun san da shi, akwai kuma ofishin REDD+ na ƙasa ƙarƙashin ma'aikatar muhalli a Abuja. Su ma sauran 'yan uwa da ke shirin biya ka ce su dakata, wanda ya riga ya biya ya riƙe rasit ɗinsa.

Dajin kuma ku ci gaba da riƙe shi, ba don dalar Bature ba, kaɗanya da ɗorawa da zuma da ke ciki suna kawo kuɗi duk shekara, kuma in akwai sauran madobiya a tsaye ku sa ido sosai don masu inji sun san inda take. Ka ɗauki hoton fom ɗin gaba da baya ka turo min ta WhatsApp in karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa, in Allah ya kai mu Juma'a kuma a Agege zan yi salla, sai in biyo ta shago mu ƙarasa.